Kunyar Mai-Lalle

Duk wanda ya saba hawan mikrobas, ƙaramar motar hayar safe, daga Hayyul Ashir, nan gabashin Alƙahira, ya san Kulu ko da bai san sunanta ba. Doguwar mace ce siririya, takan zauna kusa da taga da jakarta a cinya, ba ta magana sai an yi mata. Direbobi suna ce mata Hajja, duk da ba ta je Makka ba tukuna. Ta ba shekara hamsin baya, ashirin daga ciki a Masar ta yi su.

Mijinta Yakuba ne ya kawo ta. Yana sayen mayafai da takalman mata a kasuwar Ataba, ya ɗure su a buhuna ya aika Maraɗi, kuma har yau sana'arsa ke nan, sai dai gwiwa ta fara rage masa sauri. Ita Kulu ba ta iya zaman hannu biyu ba. Ta yi aikatau a unguwar Muhandisin shekara bakwai, a gidan wasu tsofaffi biyu, har Allah ya karɓi abinsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta koma Ma'adi, gidan wata likitar dabbobi mai suna Dakta Dalia. Wata rana Dalia ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon yadda Kulu take feren mangwaro, ɓawon yana saukowa dogo guda bai tsinke ba. Ta ce, "Hajja, kina tsoron dabbobi?"

"Wane iri?"

"Iri-iri."

"In ba su cin mutum, ba ni da rigima da su."

Da haka Kulu ta bar share falo ta koma wani gidan dabbobi na wani attajiri, can bayan gari a kan hanyar hamada, inda iyalai suke kai yaransu ranar Juma'a. Dalia ce likitar wurin. Aikin Kulu a kicin ne: ta wanke 'ya'yan itatuwa, ta yanka, ta auna, ta zuba a robobi, kowace roba da sunan mai ita.

A ranarta ta farko aka haɗa ta da Fadl, wani dattijo ɗan Aswan, baƙi kamar mutanen gida, wanda ya yi shekara talatin yana kula da birai. In yana dariya har kafaɗunsa suna taya shi. Ya miƙa mata wata babbar roba ya ce, "Yalla, zo ki gaida insanul gaba."

Kulu ta san insan mutum ne. Gaba kuwa, a kunnenta, gaba ce. Ta ɗauka wurin shugaba za a kai ta, sai ta tsaya ta gyara mayafi, ta goge hannu a zani. Fadl ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce a Larabci kalmar tana nufin kurmi, wato mutumin kurmi, wanda Turawa suke kira orangutan.

Da suka isa, ba ta ga komai ba sai wani jan tuli a kusurwa, lulluɓe da buhu. Can sai hannu ya fito daga ƙarƙashin buhun. Ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, kamar ba zai ƙare ba. Yatsu biyar, da farata, da layukan tafi irin waɗanda ke hannun kowa. Daga baya buhun ya zame, fuska ta bayyana. Idanu ne ƙanana masu nutsuwa, irin na tsohuwar da ta ga abubuwa da yawa kuma ba ta da niyyar ba da labarinsu. Gashin jikinta ja ne, kamar gemun dattijon da ya sha lalle.

"Salamu alaikum," in ji Kulu. Ba ta shirya faɗa ba, bakinta ne ya riga ta.

Dabbar ta ɗauki gwaiba ɗaya ta shinshina, ta raba ta biyu da babban yatsa, ta ci rabi. Ɗaya rabin ta turo shi ta tsakanin ƙarafa, ta ajiye a gaban Kulu, ta jira.

Kulu ta daɗe ba ta motsa ba. A ƙarshe ta ce, "Subhanallahi," ta ɗauka.

Ma'aikata suna kiran dabbar Basbusa. Kulu ta ce halitta irin wannan ta wuce a kira ta da sunan kayan zaƙi. Ita Mai-Lalle take ce mata, har sunan ya bi bakin Fadl.

Labarin Mai-Lalle kuwa a mota Kulu ta ji shi, ranakun da Dalia take rage mata hanya. Asalin su wani tsibiri ne can ƙarshen Asiya, inda ruwan sama ba ya yankewa kuma itatuwa sun fi hasumiyar masallaci tsawo. A can uwa takan lanƙwasa rassa kowace yamma ta yi sabuwar shimfiɗa a ƙololuwar itace, ita da ɗanta. Jariri yana maƙale a gashinta wajen shekara biyu, ba zani ba majanyi, hannunsa kawai. Yana shan nono har shekara bakwai ko takwas. A tsawon wannan lokaci tana nuna masa wane itace ne yake nuna a wane wata, wane ganye ake ci, wane ake ɗorawa a ka in ruwa ya sauko. Ba ta sake haihuwa sai ta gama da shi.

"Kuma ba ta sakinsa," in ji Dalia, tana kallon hanya. "Duk jaririn da kika gani a hannun mutum, ki san sai da aka kashe uwar kafin a ɓamɓare shi."

Haka aka yi wa Mai-Lalle. Tana jaririya aka shigo da ita a kwali, ta tashi a gidan wani mai kuɗi, ana sa mata riga, ana ba ta shayi a kofi. Da ƙarfinta ya kawo ta cire ƙofar banɗaki da hannu ɗaya, sai aka miƙa ta nan.

 Sai da suka kusa tashar jirgin metro Kulu ta ce, kamar da kanta take, "Shekara takwas."

Ita wata ashirin da biyu ta yi tana shayar da tata.

A Tasawa ta haifi 'yarta ta fari, tana da shekara ashirin. Sunan yarinyar Rahamatu, amma ba a bakin Kulu za ka ji shi ba. A garinsu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in tana ba shi nono takan kau da kai gefe kamar wani ne ya ajiye mata shi. In an yaye, kaka ta ɗauka. Mata da yawa suna yin abin sama-sama. Kulu ta riƙe shi da gaske, har ana misali da ita a unguwa, ana cewa Kulu akwai kunya. Yarinya ta tashi a ɗakin Inna, mahaifiyar Kulu, tana kiran Inna uwa, tana kiran Kulu Yaya. Daga baya Kulu ta haifi maza biyu, waɗannan kam tana ƙwala musu kira har maƙwabta su leƙo. Sai tafiyar Masar ta zo.

Yanzu Rahamatu malamar makaranta ce a Maraɗi. Kowace Juma'a suna waya. "Yaya, ina wuni." "Lahiya lau. Ya mutan gida?" "Lahiya lau." "Ke, ya zahi?" Ba sa wuce minti uku. Bara Inna ta rasu. Bana kuma, bayan shekara tara da aure ba ko ɓari, Rahamatu ta samu ciki. A bakin Yakuba Kulu ta ji. Ta ce Allah ya raba lafiya, ta ci gaba da tsince shinkafa.

A wannan shekarar ce aka aro wa Mai-Lalle wani namiji daga wani gidan dabbobi, ya yi 'yan watanni ya koma. Cikin Mai-Lalle ya fito. Kulu ta riƙa zaɓar mata gwaibar da ta fi nuna, tana ɓoye mata dabino biyu a ƙasan roba, Dalia tana yin kamar ba ta gani ba.

Ranar wata Talata, lokacin da gwaiba ta cika kasuwa, Kulu ta sauka daga mota ta tarar da kicin ba kowa. Duk ma'aikata suna ɗakin Mai-Lalle. Masu shara, masu gadi, mai sayar da tikiti, har Ustaz Munzir shugaban wurin, kowa ya ɗaga waya sama. Kulu ta kutsa. A kusurwa ɗaya, a cikin ciyawa, ga wani ɗan abu ja bai kai kwalbar ruwa ba, yana motsa yatsu a iska yana neman abin kamawa. A ɗaya kusurwar, can nesa, ga uwar. Ta juya baya, ta ja buhu ta rufe kanta.

Haka aka wuni. Da jaririyar ta yi kuka, buhun yakan motsa kaɗan, ya tsaya. Mutane su matso da wayoyi, buhun ya ƙara sauka.

Da yamma Dalia ta tara Kulu da Fadl a kicin. Fuskarta ta faɗa. Ta ce, "Ta ƙi ta. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. Zan jira zuwa azahar ɗin gobe, ba zan iya wuce haka ba. In ba ta sha nono ba, zan harbi uwar da allurar barci in ɗauke 'yar."

"In kin ɗauke fa?" in ji Kulu.

"Za ta rayu, in sha Allah, da madarar kwalba. Amma da wuya uwar ta sake karɓarta. Za ta tashi a hannun mutum, ranar da ita ma ta haihu ta juya baya. Haka abin yake tafiya."

Washegari da safe suka tarar jaririyar ta canja kusurwa. Dalia ta tafi ta duba abin da kyamarar ɗakin ta ɗauka, ta dawo hannu rabbana: Mai-Lalle ta tauna rake ta liƙe gilashin kyamarar da tuƙar. Mai gadin da aka ajiye ya ce bai ga komai ba, duk lokacin da ya haska tocila uwar tana can gefe. Kukan jaririyar ya sirance, cikinta ya lafe.

Kulu ta tsaya ta dubi ciyawar da kyau. Ba a warwatse take ba. An tattaro ta an murɗa ta kewaye da 'yar, kamar gammo. Jikin 'yar kuwa tas yake, ba jini ba ƙazanta.

"Duktura, wa ya wanke ta?"

"Ba wanda ya shiga."

"Wa ya yi mata wannan shimfiɗa?"

Dalia ta matso ta dubi ciyawar.

"Ba ƙinta take yi ba," in ji Kulu. "Kunya take ji. 'Yar fari ce."

Kafaɗun Fadl suka fara rawa. "Kunya! Ya Hajja, wannan da ta tofa wa Ustaz Munzir yawu a gaban baƙi? Wannan da ta sace mini hula ta zauna a kai?"

"Wancan daban, Ammu Fadl. Kai namiji ne, ba za ka gane ba."

"Na aurar da 'ya'ya mata huɗu!"

"To ka aurar. Ka taɓa haihuwa?"

Dalia ba ta yi dariya ba. Ta ce Kulu ta yi mata bayani. Kulu ta yi, da guntun Larabcinta na kicin da kasuwa: yadda ba a kiran suna, yadda ake kau da kai, yadda uwa takan bar ɗa yana kuka in akwai surukai a tsakar gida. Dalia ta saki baki.

"Wato ku ba kwa kallon 'ya'yanku?"

"A gaban mutane."

"In ba mutane fa?"

Kulu ta sunkuya ta gyara zaman wata roba da ba ta karkace ba.

Da ta ɗago ta ce, "Ki fitar mini da mazan nan. A rufe ƙarafan. Kada a goge kyamarar, ita ma ido ce. Ki bar ni da ita zuwa azahar."

"In ba kyamara, ta yaya zan san ta sha?"

"Zan gaya miki."

Dalia ta dubi agogo, ta dubi jaririyar. Ilimin da ta karanta bai san kunyar ɗan fari ba, amma ya san dabbar da ido ya yi wa yawa. Ta ce, "Tamam. Zuwa kiran salla. Amma zan haɗa allurar in ajiye." Ta fita ta tari Ustaz Munzir, wanda ya riga ya gayyato masu ɗaukar hoto. Ba a ji abin da ta gaya masa ba, an dai ga motarsu ta juya.

Fadl ya kawo tamfol, Kulu ta fito da zannuwa biyu daga jakarta, aka rufe gaban ɗakin har ya yi duhu-duhu kamar ɗakin mai jego. Kulu ta nemi izini ta dama kunun kanwa. Dalia ta ce kanwa kam a'a, yaji ma a'a. Sai ta dama na gero zalla, daga geron da ake aiko mata daga gida, ta murje dabino a ciki, ta zuba a kofi da ɗuminsa. Kafin Fadl ya fita ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Kada ki wuce nan. Hannunta ya fi na maza biyar ƙarfi, yau kuma ba ta san kowa ba."

Kulu ta tura kofin da sanda, ta kifa bokiti bayan layin, ta zauna ta ba ɗakin baya. A jikin bangon da ke gabanta ta jingina babban farantin silba na kicin, wanda ta goge da toka har yana ɗaukar ido. Ta ɗauki wuƙa ta fara feren gwaiba a hankali, kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya.

An daɗe ba abin da ya motsa. Daga waje ana jin ɗawisu, da wata mota can a kan titi. Sai ta ji an ja kofi. Ta ji an kurɓa, an ajiye.

A cikin farantin, jan tulin ya miƙe. Buhun ya faɗi. Mai-Lalle ta tsaya tana kallon bayan Kulu, ta daɗe tana kallo. Wuƙa ba ta daina tafiya ba. Sai Mai-Lalle ta taka a hankali a kan dunƙulen hannuwanta, ta isa ga ciyawar, ta sunkuya. Hannun nan da ya cire ƙofa ya shiga ƙarƙashin 'yar ya ɗago ta kamar ana ɗaukar ƙwai daga ruwa.

Kulu ta yanke yatsa ba ta ji ba.

Amma Dalia ma ta yi gaskiya. Mai-Lalle ta ɗaga 'yar sama ta leƙa ƙarƙashinta. Ta ɗora ta a ka, kamar yadda take yi da buhu. Ta sauke ta, ta manna ta a ciki, kai ƙasa ƙafafu sama. Ƙaramin bakin yana ta lalube a cikin gashi, yana kama iska. Uwar ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ta sake juya ta, ta sake yin kuskure. So yana nan. Hanyar ce ba wanda ya taɓa nuna mata.

Rana ta kusa tsakiya. Kulu ta san haka daga inda hasken ya faɗo ta ramin tamfol.

Ta tuna yadda Inna ta koya mata. Inna ba ta taɓa zama ta ce mata ga yadda ake ba da nono ba, wannan ai sai ya kunyata su duka biyu. Takan shigo ɗaki ne kamar tana neman wani abu, ta yi ta magana da tukunya.

Kulu ta jawo wata gwanda daga cikin roba, ta cire ɗankwalinta ta naɗe ta. Ta juya gefe ɗaya, idonta a ƙasa, ta rungume gwandar. Ta lura tun da daɗewa cewa nonon Mai-Lalle ba a inda na mutum yake ba, yana can sama, dab da hammata. Don haka ta tura gwandar sama, ta tallafe ƙasanta da tafin hannu. Sai ta fuskanci bango ta yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Wai an ce kan yaro sama yake kallo. Haka na ji ana faɗi. Wai in aka tallahe ƙeya, aka matso da shi nan, shi da kansa ya san sauran. Ni dai ban sani ba, bango nake gaya wa."

Ta sauke gwandar, ta sake ɗagawa. Ta sauke, ta sake ɗagawa. Hannunta ya tuna nauyin da ya ɗauka shekara talatin da biyu da suka wuce, a wani ɗaki mai ƙamshin hayaƙi, lokacin da kowa ya tafi gona kuma ba mai ganin inda idonta yake.

Ciyawa ta yi ƙara. Aka yi shiru.

Sai ga sautin. Ɗan ƙarami ne, tsut, tsut, da ɗan nishi a tsakani. Duk macen da ta taɓa jinsa ba ta bukatar faranti ya gaya mata mene ne.

Kulu ta yi niyyar barin idonta a ƙasa, don haka ladabi ya ce. Ba ta iya ba. Ta ɗago.

Mai-Lalle tana zaune ta jingina da bango, 'yar tana maƙale a ƙarƙashin hammatarta, 'yan yatsunta sun nutse a cikin jan gashi. Uwar kuwa ba ta kau da kai ba. Ta sunkuyar da fuskarta gaba ɗaya a kan 'yar, tana kallonta kamar za ta haddace ta. Da dogon yatsa ɗaya ta bi gefen kunnen, ta buɗe ɗan tafin hannun ta duba, ta rufe. Ta miƙa leɓɓanta ta taɓa tsakiyar kan. Can ta ɗago ta ga Kulu tana kallo. Buhun yana nan kusa da ƙafarta. Ta dube shi, ta dubi Kulu, ta bar shi a inda yake, ta mai da idonta kan 'yarta.

Kulu tana zaune da gwanda a ƙirji, kai ba ɗankwali, ba ta san tun yaushe fuskarta ta jiƙe ba.

Daga ɗan masallacin ma'aikata ladan ya ɗaga murya. Gefen tamfol ya motsa, Dalia ta leƙo da bindigar allura a hannu. Kulu ta ɗaga mata tafi ba tare da ta juya ba. Dalia ta tsaya. Ta ga abin da ake gani, ta saurara ta ji abin da ake ji. A hankali ta sauke hannunta har bakin bindigar ya taɓa ƙasa. Ta bayan kafaɗarta Fadl ya leƙo da ido ɗaya, ya koma da baya. Kafaɗunsa suna rawa, amma ba dariya yake ba.

A kicin, bayan sun yi salla, Dalia ta ɗauko allon da ake rataya wa kowace dabba, da alƙalami. Ta ce, "Hajja, ke za ki faɗa. Me za mu ce da ita?"

Hankalin Kulu bai dawo daga ɗakin ba. Ta ɗauka ana tambayarta me za a ce game da abin da ya faru. Ta girgiza kai ta ce, "Me za a ce, Duktura? Rahama ce."

"Rahma!" in ji Fadl. "Wallahi ya dace. Khalas, rubuta."

Kafin Kulu ta buɗe baki an rubuta, da manyan baƙaƙe. Ta so ta ce a goge. Amma in ta ce haka dole ta yi bayanin dalili, dalilin kuwa ba ya faɗuwa sai an faɗi sunan.

Haka allon ya hau ƙofa. Aka ƙara sabuwar roba a kicin, da sunan a jiki, ko da yake mai ita ba za ta ci komai daga ciki ba sai bayan watanni. Fadl ya ce a ajiye ta saba. Kwana da kwanaki Kulu tana kewaye sunan kamar mai kewaye rijiya. Takan ce 'yar Mai-Lalle, ko ƙaramar, ko wannan. Fadl ya lura, don ba abin da yake wuce shi, amma bai tsokane ta ba ko sau ɗaya.

An cire tamfol bayan mako biyu. Mai-Lalle takan hau can saman katakon da aka kafa mata, ta tara ciyawa da tsummoki ta murɗa shimfiɗa, irin wadda ba ta taɓa ganin an yi ba tun tana cikin kwali. 'Yar tana manne a gefenta duk inda ta juya. Ranar Juma'a iyalai sukan cika gaban ɗakin, yara suna ihu. In abin ya ishe ta takan ja buhu ta rufe su su biyu.

Wata safiyar Alhamis, kafin a buɗe ƙofa, Kulu ta kawo roba ta tarar da su a ƙasa kusa da ƙarafa. Ƙaramar ta juyo da kai, gashinta a tsaye kamar an tsorata ta, idanunta sun cika fuskar. Kulu ta duba dama, ta duba hagu. Ba kowa.

"Rahama," ta ce.

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ba abin da ya faɗo daga sama. Mai-Lalle ta ci gaba da ɓare lemo. Kulu ta sake faɗa, wannan karon ya fi sauƙi.

Washegari bayan an sauko daga masallaci, Yakuba yana kishingiɗe yana shafa man zafi a gwiwa, Kulu ta ɗauki waya ta fita baranda ta ja ƙofa. Ƙasa ana ta hayaniyar masu sayar da burodi. Wayar ta yi ƙara sau huɗu.

"Yaya, ina wuni."

Kulu ta riƙe ƙarfen baranda da ɗaya hannun.

"Rahamatu."

Shiru ya yi tsawo har ta cire wayar daga kunne ta duba ko ta yanke. Ba ta yanke ba. Can daga Maraɗi ta ji an ja numfashi.

"Yaya... wa kike kira?"

"Akwai wata a nan bayan ke?"

 Wani zakara ya yi cara a bayan muryar, irin carar da Kulu ta yi shekaru ba ta ji ba.

"Wata nawa yanzu?" in ji Kulu.

"Bakwai."

"To. Ki aika Tasawa a share ɗakin Inna, a nemi itace mai yawa. Ina tahe kahin ki sauka."

"Ke da kanki?"

"Akwai abin da zan gaya wa bango," in ji Kulu. "In kina kusa, sai ki ji."